Gwajin 'Yar Mai Gyaran Agogo

Maman Alƙali ba ta yarda da abin da ba ta gwada ba, kuma aikinta ne ya mai da ta haka. Shekararta tara a ɗakin awon jini na wani asibiti, ido ɗaya a kan madubin awo, tana farautar ƙwayoyin cutar da sauran mutane ba sa gani. In likita ya aiko da takarda ya rubuta yana zaton ciwo kaza ne, sai ta tura tabaranta sama da ɗan yatsa, don kullum zamewa yake yi a kan hancinta, ta ce zato zunubi, a bar jini ya yi magana. Abokan aikinta sukan tsokane ta cewa ko ruwan sha aka ba ta sai ta ɗaga shi a haske ta duba.

To, ga shi hutun haihuwarta zai ƙare ranar Litinin, yau Asabar, kuma ba ta da wanda za ta bar wa 'ya'yanta biyu. Ƙanwarta da take riƙe mata gida a da ta samu shiga jami'a ta tafi. Mijinta direban babbar mota ne, ya kwana uku a gida ya yi goma a hanya. A wata guda ta gwada masu raino uku, duk ba wadda ta yi sati. Ba jaririyar ce ta kore su ba, ko da yake ita ma ba kanwar lasa ba ce. Watanta biyar, in ta buɗe baki har maƙwabta sai sun rufe taga, shi ya sa ake kiranta Jiniya. Yayan jaririyar ne matsalar.

Shekararsa uku da wata bakwai, kuma bai taɓa furta kalma ko ɗaya ba. Tun yana rarrafe yake kafe mutum da ido, ba murmushi ba ƙiftawa, har sai mutum ya tsargu ya fara tuno laifinsa. Kawunsa ne ya ce wannan ai alƙali ne, sunan kuwa ya bi shi. Mai raino ta farko ta ce taurin kai ne da shi, ko an kira shi sau goma ba ya waiwayowa. Ta biyu ta cafke shi ta baya ba zato, ya gantsara mata cizo a hannu. Ta uku tana shanya ya fice ƙofar gida, tana ihu tana bin sa, shi kuwa yana tafiyarsa a tsakiyar titi, mai babur na ta danna masa oda. Allah ne kawai ya tsare.

A dangin mijinta ba wanda ya ɗauki shirun yaron a bakin komai, domin gidansu gidan shiru ne. Mazan gidan sukan zauna su huɗu a falo su yini, in an tashi a ce an sha hira. Surukarta ta ce uban yaron ma sai da ya shekara huɗu kafin ya ce uffan, kuma kalmarsa ta farko ƙorafi ce a kan shayi ya yi sanyi. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, in ji ta, a ƙyale yaro. Har yabonsa ake yi, wai Jiniya tana tsala kuka a gefensa shi yana barcinsa, yaro mai haƙuri kamar ubansa. Maman Alƙali ta taɓa tafa hannu a bayansa sau ɗaya don ta gwada, ya juyo nan take, ta ce shi ke nan, kunne lafiya. Ita da ba ta yarda da awo ɗaya a wurin aiki, a nan awo ɗaya ya ishe ta, domin tsoron na biyun take yi.

Abin da ba ta taɓa faɗa wa kowa ba shi ne, abin yana cin ta. Takan ji yaran maƙwabta suna ta Mama kaza, Mama kaza, har uwayensu su ce a rabu da su, ita kuwa ko sau ɗaya ba a taɓa kiranta ba. Wani lokaci takan ga kamar yaron bai ma san ita ce uwarsa ba. In ta shigo ɗaki sai ya dube ta, ya ɗora ɗan yatsa a kan karan hancinsa, tsakanin idanu, ya danna. Ta ɗauka ƙaiƙayin ido ne, ta ɗiga masa magani har kwalba biyu. Da bai daina ba, ta koma buge masa hannu duk lokacin da ya yi, don kada ya zame masa ɗabi'a.

Maƙwabciyarta mai saƙa ce ta kawo mata ta huɗun da safiyar Asabar. Ta ce 'yar mai gyaran agogon nan ce na kusa da tasha, ta gama jarrabawa tana jiran sakamako, kuma ita ta raini ƙannenta biyu. Maman Alƙali ta dubi yarinyar sama da ƙasa. Shekararta sha shida, siririya, takalminta ya sha ɗinki, ga wani tsohon agogon maza da ya yi wa hannunta yawa. Manya uku sun kasa, ina ga wannan. Abin da ya fi ba ta haushi, yarinyar ba ta sunkuyar da kai in ana mata magana. Fuskar mutum take kallo kai tsaye, in ita za ta yi magana kuma girarta da hannayenta duk sai sun sa baki. Maman Alƙali ta ce a ranta, wannan idonta a tsakar ka yake.

Ta kai ta gaban firij, inda ta manna takardar dokoki goma sha bakwai da ta rubuta da jan biro. A wanke hannu kafin a taɓa fidar madarar jaririya. A ɗiga madara a bayan hannu a ji zafinta. Ƙofar gida a kulle, makulli a saman kabad. Ba waya, ba talabijin. Kada a taɓa yaron ta baya, yana cizo. In ya danna hancinsa a cire masa hannu. Yarinyar ta karanta har ƙasa, sannan ta yi tambaya guda ɗaya, wai me yake so. Maman Alƙali ta ce ayaba da jera cokula. Daga nan ta ce za ta kasuwa, ba za ta wuce awa biyu ba. Alƙali yana durƙushe a gaban teburin tsakiyar falo, ya ba su baya, yana jera cokulan gidan daga babba zuwa ƙarami. Ta sulale ta bayansa kamar yadda ta saba, don bai taɓa kama ta tana fita ba.

Ba kasuwar da ta je. Ta fita ta ƙofar gaba, ta ja ta da ƙarfi yadda za a ji, ta zagaya ta lungun bayan gida, ta cire takalmi, ta shigo ta ƙofar kicin a kan yatsun ƙafa ta shige sito. Ƙofar siton tana kallon falo, kuma akwai tsaga a jikin katakon da ido ɗaya zai iya leƙawa, ita kuwa aikin ido ɗaya ba baƙonta ba ne. Ta zauna a kan buhun shinkafa, tukunyar gas a damanta, tsintsiya tana sosa mata wuya. Mace mai digiri, uwar 'ya'ya biyu, a ɓoye a cikin gidanta kamar ɓera. Ta ji kunyar kanta kaɗan, amma ba ta tashi ba.

Minti goma ba a yi ba Jiniya ta tashi da aikinta. Yarinyar ba ta ruɗe ba. Ta ɗauke ta, ta shinshina, ta sauya mata famfas, ta je ta wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, ta ɗiga madara a bayan hannunta. Maman Alƙali tana ƙirga dokoki a ranta tana ba ta maki. Sai dai ta lura, duk wannan hidimar da yarinyar take yi, idonta ba a kan jaririyar yake ba. Ƙeyar Alƙali take kallo. Jiniya tana ihu taku biyu daga kunnensa, shi kuwa yana auna cokalin shayi da na miya, ya ga wanne ya fi tsawo.

Da jaririyar ta ƙoshi, yarinyar ta kai ta ɗaki ta kwantar, ta rufo ƙofa. Ta dawo ta tsaya a bayan yaron ta kira sunansa a hankali, sannan da ƙarfi. Bai motsa ba. Maman Alƙali ta ce to, yanzu za a fara, ko ta finciko shi ko ta yi zuciya. Yarinyar ba ta yi ko ɗaya ba. Ta dubi ƙasa, ta ga inuwarta ta faɗa a gefen teburin, ta je ta saki labule. Ta dubi gilashin kabad da ke gaban yaron, ta ga hotonta a ciki, ta matsa gefe har ya ɓace. Ta kashe fanka. Sannan ta shiga kicin, ta wuce ta gaban siton har Maman Alƙali ta riƙe numfashi, ta fito da babban tiren ƙarfe da ludayi.

Ta tsaya a bayansa, ta ɗaga tiren, ta maka masa ludayin iya ƙarfinta.

Ƙarar ta cika gidan. Maman Alƙali ta zabura har kanta ya bugi katakon ajiye kaya na sama, gwangwanin madara ya gangaro cinyarta. A ɗaki Jiniya ta ɗauka daga inda ta tsaya. Karen maƙwabta ya kama haushi. Hannun Maman Alƙali har ya kai ga mariƙin ƙofa, bakinta cike da maganar da za ta sallami wannan mahaukaciyar da ita, sai idonta ya faɗa kan ɗanta. Alƙali ya ɗauki cokali na bakwai ya ajiye kusa da na shida, ya gyara masa zama da ɗan yatsa. Ko kafaɗarsa ba ta girgiza ba.

Hannunta ya saki ƙofar da kansa. Ta tuna ranar da ta tafa a bayansa ya juyo, a nan ne, a gaban wannan kabad mai gilashi, da rana tsaka, labule a buɗe. Ta tuna mai babur da odarsa. Ta tuna barcin da ake yabo. Duk abin yana nan a shimfiɗe shekara uku, yarinyar da ta shigo gidan ba ta yi awa guda ba ta tattara shi wuri ɗaya, ta kuma yi awon yadda ya kamata a yi shi, ta toshe duk wata kafa da sakamakon ƙarya zai shigo. Wani sanyi ya ratsa ta tun daga tafin ƙafa. Tsoro ne, amma har da wani abu mai kama da girmamawa, irin wanda ma'aikaci yake ji in ya ga wanda ya fi shi iya aikinsa.

Yarinyar ta ajiye tiren, ta je ta lallashi Jiniya, ta goyo ta ta dawo. Fuskarta ba tashin hankali, kamar wadda ta tambayi hanya aka nuna mata unguwarsu. Ta zagayo ta gaban teburin, ta durƙusa har idonta ya yi daidai da na yaron, ta buga tafin hannunta a kan katakon sau biyu. Cokulan suka yi tsalle. Alƙali ya ɗago a fusace, ya kafe ta da idon nan da yake sa manya su tsargu. Ita ma ta kafe shi. Ta ɗaga gira, ta nuna cokulan, ta ɗaga babban yatsa, ta yi fuskar wanda ya ga abin mamaki. Sannan ta ɗauko ayaba daga kwano, ta nuna masa, ta ajiye. Ta miƙe yatsanta guda, ta yi kamar tana ɓare shi da ɗaya hannun, sau uku. Ta sake nuna ayabar, ta sake ɓare yatsan.

Yaron ya daɗe yana kallo. Maman Alƙali ta san wannan kallon, daga shi sai ya juya baya ko ya watsar da kaya. Sai ta ga ya ɗaga hannunsa na hagu a hankali, ya miƙe ɗan yatsa, ya kawo na dama ya ɓare shi. Yarinyar ta gyaɗa kai da ƙarfi ta miƙa masa ayabar. Bai ci ba. Ya dubi ayabar, ya dubi yatsansa, ya sake duban ayabar. Ya ajiye ta, ya ɗauki cokali ya ɗaga a gaban fuskarta, girarsa a sama kamar yadda ta yi. Ta yi alamar ɗiba zuwa baki. Ya kwaikwaya. Ya jefar da cokalin ya nuna kofi.

Abin da ya biyo baya, Maman Alƙali ba ta taɓa ganin irinsa ba, kuma ta san ba za ta sake gani ba. Yaron ya kama yarinyar a hannu yana jan ta lungu-lungu na falon. Ya nuna fanka, ta juya yatsa a sama. Ya nuna ƙofa, ta buɗe tafukanta ta rufe. Takalmi, kujera, ruwa, makunnin wuta, ƙadangaren da ke jikin bango, komai sai ya nuna ya juyo yana jira, ta ba shi, ya karɓa da hannu biyu ya maimaita ya ruga na gaba. Ashe duk abubuwan nan suna da suna, ba wanda ya taɓa gaya masa. Yana gudu yana tuntuɓe, gumi yana zubo masa, sai ga wata dariya ta fito daga ƙirjinsa, mai kauri, marar tsari, dariyar wanda bai taɓa jin yadda ake dariya ba. Maman Alƙali ta toshe bakinta da gefen mayafi. Ta haife shi, ta yi masa wanka sau dubu, amma wannan yaron da ke tsalle a falonta yau ta fara ganinsa.

Can sai yarinyar ta sauya salo. Ta juya masa baya ta nuna Jiniya da ke goye, amma maimakon ta ba shi alama, sai ta buɗe tafukanta ta ɗaga gira, tana tambayarsa. Alƙali bai yi wata-wata ba. Ya wangale baki iya wangalewa, ya runtse ido, ya girgiza dunƙulallen hannu. Jiniya ce sak, ba sauti kawai. Yarinyar ta yi dariya har ta dafa bango, ta maimaita, ta karɓi sunan kamar yadda ya karɓi nata. Ta ɗaga shi zuwa hoton da ke rataye a saman talabijin, wanda aka ɗauka bara su uku. Ta nuna ubansa. Yaron ya shafa haɓarsa sau biyu, yadda uban yake shafa gemu in ana jiran ya yi magana. Ashe yana da nasa sunayen tun tuni, shi kaɗai yake ta magana a gidan da ba mai jin yarensa.

Siton ya yi zafi, gumi ya sa tabaran Maman Alƙali ya zame har ƙarshen hanci. Ta kai yatsa ta tura shi sama don ta gani da kyau. A daidai lokacin yarinyar ta nuna matar da ke cikin hoton. Alƙali ya ɗora ɗan yatsa a kan karan hancinsa, tsakanin idanu, ya danna.

Yatsanta yana nan a wurin, ba ta sauke ba. Ta kasa saukewa. Ta tsaya a haka a cikin duhun sito, ita da ɗanta, kowa da yatsa a kan hanci, katako a tsakaninsu. Kwalba biyu na maganin ido. Doka ta goma sha huɗu da jan biro. Duk safiyar da ta shigo ɗaki ya dube ta ya yi wannan, ita kuwa ta buge masa hannu ta ce bari. Tun yaushe ya fara? Tun kafin cikin Jiniya. Ta yi ƙoƙarin ƙirgawa, ita mai ƙirga ƙwayoyin jini, lissafin ya ƙi tsayawa.

Yarinyar ta sauke shi, ta danna nata hancin, ta buɗe tafuka ta waiga hagu da dama, wato ina take. Ta nuna ƙofar gida, ta yi alamar tafiya. Alƙali ya girgiza kai. Ya dube ta irin kallon da ake yi wa wanda bai san komai ba, ya taka ya ratsa falon, ya zo ya tsaya a gaban siton. Ya nuna ƙasan ƙofar, inda yatsun ƙafarta suka ɗan leƙo tun ɗazu. Ya tura ƙofar da hannu biyu.

Haske ya faɗo a kanta, tana zaune a kan buhu, gwangwanin madara a cinya, fuska jiƙe. Yarinyar ta ja da baya, ta dafe ƙirji, sannan idonta ya sauka a kan tiren da ke ƙasa. Nan ne karon farko da ta sunkuyar da kai.

"Anti, ki yi haƙuri da ƙarar. Na san na tayar da jaririya. So nake na tabbata kafin na ce wani abu."

Maman Alƙali ta share fuskarta da gefen mayafi. "A ina kika koyi wannan?"

"A gida. Babana kurma ne, mamata ma haka. Ni da hannu na fara magana kafin baki." Ta gyara goyon. "Ni ba likita ba ce, Anti, a kai shi a duba kunnen, wataƙila akwai sauran ji da za a taimaka masa. Amma kansa lafiya lau. Ban taɓa ganin yaro mai saurin ɗauka kamarsa ba."

Ta ƙara da cewa babanta da yatsa yake jin bugun agogo, kuma duk tashar ba wanda ya kai shi gyara, kada Anti ta ɗauka duniya ta ƙare. Ta ce cizon ma ba mugunta ba ne, duk wanda aka cafka ta baya bai ji tahowar mutum ba dole ya firgita. Abu ɗaya kawai ta roƙa, in za a bar ta ta ci gaba da zuwa, a daina sulalewa ta bayansa. A gidansu ba a fita sai an tsaya a gaban mutum an gaya masa, domin wanda ba ya jin ƙarar ƙofa, in ya juyo bai gan ka ba, ɓacewa ka yi. Maman Alƙali tana jin ta tana gyaɗa kai kamar 'yar aji ɗaya. Awa guda da ta wuce ita ce mai ba da maki.

Duk wannan maganar Alƙali yana tsaye a bakin siton yana kallon uwarsa. Ya ɗaga hannu a hankali, ya kai yatsa kan hancinsa ya danna, sannan ya yi maza ya ɓoye hannun a bayansa, ya runtse ido ɗaya yana jiran duka. Wannan ɓoye hannun ya fi komai yi mata ciwo a ranar.

"Me zan yi?" ta tambaya, ba ta ɗauke ido daga kansa ba.

"Ki amsa mana, Anti. Kiranki yake yi."

"Yaya ake amsawa?"

Yarinyar ta dafa ƙirjinta da tafin hannu sau biyu, ta gyaɗa kai. "Ga ni. Shi ke nan."

Maman Alƙali ta sauko daga kan buhun ta durƙusa a kan siminti, har idonta ya yi daidai da nasa. Ta dafa ƙirjinta sau biyu ta gyaɗa kai. Yaron bai yarda ba, halin uwarsa ya gado, sai ya gwada. Ya fito da hannun, ya sake dannawa, idonsa a kan hannunta. Ta dafa ƙirji. Ya sake, ta sake. Ya ruga bayan kujera ya leƙo ya danna, ta amsa. Ya shiga ƙarƙashin tebur ya kira ta daga can, ta amsa. Shayin da yarinyar ta haɗa mata ya huce a kan tebur, Jiniya ta yi barci ta farka, shi yana kira ita tana amsawa, ba ta bar ko ɗaya ya faɗi ƙasa ba.

Da yamma ta cire takardar firij. Ta kira mijinta a waya ta gaya masa komai, ya yi shiru irin nasu na gado, har ta ɗauka layin ya yanke, sannan ya tambaya da wata irin murya ko shi ma yana da suna. Ta ce yana da shi, in ya dawo zai gani. Ta nemi likitan kunne a asibitinsu ya ba ta ranar Laraba.

Ranar Litinin yarinyar ta iso bakwai saura kwata, da tsohon agogonta da ba ya kuskure. Maman Alƙali ta shirya, ta rataya jaka, ta zagayo ta gaban teburin ta durƙusa. Da hannayenta masu tauri, waɗanda suka kwana biyu suna koyo, ta gaya wa ɗanta za ta tafi, in rana ta yi can za ta dawo. Ya ɓata fuska, ya riƙe mata jaka, sannan ya saki. Ta kai bakin titi ke nan wani abu ya ce ta waiwaya. Yana tsaye a taga, yarinyar tana riƙe da shi ta ƙugu, ya manna goshi a gilashi, yatsansa a kan hanci. Ta ajiye jakar a ƙasa a tsakiyar masu wucewa, ta dafa ƙirjinta sau biyu ta gyaɗa kai. Mai sayar da jarida da ke tsallaken titi ya ɗauka shi take gaisarwa, shi ma ya dafa ƙirji ya rusuna. Motar haya ta farko ta wuce ta bar ta, don yaron ya sake kira, ita kuwa ba ta iya tafiya ba ta amsa ba.